Rubutun Ƙarƙashin Ƙasa: Fayil ɗin SEG-Y da Buɗaɗɗun Manhajojin da ke Karanta Shi

Gabatarwa

A jerin takardun nan na karatu mun saba ɗauko batutuwan da suka yi nisa da adabi da nahawu, domin mu gwada ko Hausa za ta iya ɗaukar nauyinsu. Wannan karon batun ya fito ne daga fannin masu binciken abin da ke ƙarƙashin ƙasa, wato masu neman man fetur da iskar gas da ruwa. Za mu duba yadda suke adana abin da suka auno a cikin kwamfuta, da kuma manhajojin da kowa ke iya samu ya karanta shi da su. Na zaɓi batun ne saboda ya shafe ku, ɗaliban harshe, fiye da yadda za ku zata. Fayil ɗin kwamfuta rubutu ne, yana da ƙa'idarsa, yana da kare-karensa, kuma kamar kowane rubutu ana iya yi masa mummunan karatu ba tare da mai karatun ya san ya yi kuskure ba.

Yadda ake sauraron ƙasa

Duk wanda ya taɓa leƙa tsohuwar rijiya ya yi kira ya san amsa-kuwwa. Idan rijiyar mai zurfi ce, amsar takan ɗan jinkirta. A kan wannan ne aka gina binciken baki ɗaya. Ana girgiza ƙasa da gangan, ko da nakiyar da aka binne a rami, ko da wata babbar mota mai farantin ƙarfe da take dannawa a ƙasa tana karkarwa. A teku kuwa bindigar iska ake harbawa a cikin ruwa. Girgizar takan nutsa, kuma duk inda ta tarar da iyakar shimfiɗar dutse biyu masu bambancin tauri, sai wani ɓangarenta ya dawo sama. A saman an jera ƙananan na'urori masu jin motsi, ɗaruruwa ko dubbai, waɗanda zan kira kunnuwan ƙasa.

Sauti yana tafiyar mita 340 a sakan ɗaya a cikin iska, da wajen mita 1,500 a cikin ruwa, a cikin duwatsu kuwa yakan ninka haka sau biyu ko sau uku. Saboda wannan sauri, sauraron sakan shida kawai ya isa a jiyo amsar duwatsun da ke zurfin kilomitoci. Kowane kunne ba ya ɗaukar sauti irin na rediyo. Abin da yake yi shi ne ya auna ƙarfin motsin ƙasa a kai a kai, misali kowane milisakan 4 (milisakan shi ne kashi ɗaya cikin dubu na sakan), ya rubuta lamba. Jerin lambobin da kunne ɗaya ya rubuta bayan girgiza ɗaya shi zan kira zare, domin idan aka zana shi a takarda kamar lanƙwasasshen zare yake fitowa. Idan aka jera dubban zaruruwa kafaɗa da kafaɗa, sai hoton shimfiɗun duwatsu ya bayyana, kamar an yanka ƙasa da wuƙa an dubi gefenta.

Wannan aiki yana cin kuɗi masu yawa, kuma ba a cika maimaita shi ba. Idan ayarin ma'aikata ya yi watanni a hamada ya tashi, abin da ya rage shi ne lambobin. To, da wace ƙa'ida aka rubuta su?

Ƙa'idar 1975

Ƙungiyar masana wannan fanni, wadda aka kafa a Amurka a 1930 kuma ake taƙaita sunanta SEG, ita ce ta fitar da ƙa'idar da ake kira SEG-Y a 1975. An yi mata gyara a 2002, aka sake yi a 2017, sannan aka ƙara wani ƙaramin gyara a 2023. Amma ƙashin bayanta bai sauya ba, kuma yana da sauƙin da za a iya zana shi a allo cikin minti biyar.

Ma'aunin da za mu yi amfani da shi shi ne bayit, wato ɗan gurbin da ke ɗaukar lamba ɗaya daga 0 zuwa 255, ko kuma harafi ɗaya na boko. Fayil ɗin SEG-Y yana farawa da bayit 3,200 na bayani da ɗan Adam zai karanta: sunan kamfani, wurin da aka yi aikin, shekara, da irin na'urorin. An raba shi layi 40, kowane layi harafi 80, kuma kowane layi yana farawa da harafin C. Me ya sa 80? Saboda katin kwali mai huji da ake ciyar da kwamfutocin wancan zamani da shi gurabe 80 gare shi. Katin ya daɗe da barin duniya, amma faɗinsa yana nan a cikin kowane fayil da aka rubuta yau da safe.

Bayan wannan sai bayit 400 na bayani da kwamfuta za ta karanta. A nan kowane abu yana da mazauninsa. Bayit na 3,217 da na 3,218 suna faɗin tazarar da ke tsakanin awo da awo. Na 3,221 da na 3,222 suna faɗin yawan awon da ke cikin zare guda. Na 3,225 da na 3,226 kuwa suna faɗin salon da aka rubuta lambobin da shi, kuma za mu dawo kansa. Daga nan sai zaruruwan kansu, ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen fayil, kowane zare da nasa kan bayanin na bayit 240 a gabansa, mai faɗin lambarsa da inda kunnen yake da inda aka yi girgizar.

Mu yi lissafi. Sauraron sakan 6 da awo kowane milisakan 4 zai ba da awo 1,501, idan aka haɗa da na farko. Kowane awo bayit 4, ya zama 6,004. A ƙara 240 na kan zare, ya zama 6,244. Idan zaruruwan 1,000 ne, girman fayil ɗin zai zama 3,600 da 6,244,000, wato bayit 6,247,600 daidai, ba ƙari ba ragi. Wannan lissafi shi ne gwajin farko da manhaja mai kyau take yi. Idan girman fayil bai yi daidai da abin da kansa ya faɗa ba, to wani abu ya karkace.

Inda karatu yake karkacewa

Lokacin da nake karatu a waje, na taɓa buga babi guda na kundina da wani rubutun kwamfuta na musamman mai ɗauke da haruffa masu ƙugiya. Da na kai fayil ɗin wata kwamfutar, sai duk ɓ da ɗ da ƙ suka rikiɗe suka zama alamomin kuɗi da na lissafi. Babu abin da ya ɓace a cikin fayil ɗin. Lambobin da ke wakiltar haruffan suna nan lafiya, kwamfuta ta biyu ce take fassara su da wani jadawalin daban. Tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na duniya lambarsa ta dindindin, shi ya raba mu da wannan wahala. Na kawo labarin ne domin matsalolin SEG-Y guda uku na farko duk irin wannan ne.

Ta farko ta haruffa ce. Ƙa'idar 1975 ta ce a rubuta bayanin farko da jadawalin haruffa na kamfanin IBM mai suna EBCDIC, alhali kwamfutocin yau da jadawalin ASCII suka tashi. A EBCDIC harafin C lamba 195 ne, a ASCII kuwa 67. Abin da ya fi ban dariya shi ne gurbin da ake bari tsakanin kalmomi: lambarsa 64 a EBCDIC, kuma 64 a ASCII ita ce alamar @. Saboda haka idan kuka buɗe tsohon fayil da manhajar rubutu ta yau da kullum, abin da za ku gani shi ne shafi cike da @@@@ da wasu baƙaƙe marasa kan gado. Wannan kuskure ne mai kirki, tunda yana nuna kansa.

Ta biyu ta jerin lambobi ce. Bahaushe yana cewa ashirin da biyar, babbar lamba a gaba. Balarabe da Bajamushe kuwa biyar da ashirin suke cewa. Haka kwamfutoci suka rabu: idan lamba ta ci bayit biyu ko huɗu, wasu suna sa babban ɓangaren a farko, wasu a ƙarshe. SEG-Y ta bi masu sa babba a farko, amma yawancin kwamfutocin da ke hannunmu yau ƙarami suke sawa a farko. Idan manhaja ba ta juya ba, lamba 1 za ta zama 256, lamba 5 ta zama 1,280. Tazarar milisakan 4, wadda ake rubutawa 4,000 saboda da kashi ɗaya cikin miliyan na sakan ake ƙirga ta, za ta fito 40,975. Sai a gyaran 2017 aka yarda a hukumance a rubuta fayil da kowanne daga cikin jerin biyu, aka kuma tanadi gurbin da zai faɗi wanda aka bi.

Ta uku ita ce mai haɗari. Lambobin awo ba cikakku ba ne, suna da ɓangare bayan ɗigo, kuma akwai hanyoyi fiye da ɗaya na matse irin wannan lamba a cikin bayit 4. IBM tana da tata hanyar tun shekarun 1960, ita SEG-Y ta ɗauka. A 1985 aka fitar da wata hanyar mai suna IEEE, wadda kusan kowace kwamfuta take bi yanzu, kuma gyaran 2002 ya shigar da ita cikin SEG-Y. Gurbin nan na 3,225 da 3,226 shi ke faɗin wadda aka bi: 1 na nufin IBM, 5 na nufin IEEE. Yanzu ku lura. Bayit huɗun da suke nufin 1.0 a hanyar IBM, idan aka karanta su a hanyar IEEE, 9.0 suke bayarwa. Ba shirme suke bayarwa ba, lamba ce mai kama da gaskiya. Idan wani ya sauya lambobin fayil daga wannan hanya zuwa waccan ya manta bai gyara gurbin ba, hoton da zai fito zai ci gaba da kama da shimfiɗun duwatsu, sai dai ƙarfin kowace amsa-kuwwa ya gurɓace. Kuma daga cikin abin da masana ke dubawa su ce nan akwai alamar gas har da wannan ƙarfin. Ku tuna da kalmar gora da aka rubuta ba alamar karin sauti ko tsawon wasali: mai karatu zai karanta wani abu, kuma ba lallai ne ya zama abin da marubuci ya nufa ba.

Matsala ta huɗu ta fi kama da karin harshe. Ƙa'idar 1975 ta bar bayit na 181 zuwa na 240 na kan kowane zare babu komai, ta ce kowa ya sa abin da ya ga dama. A lokacin ana bincike ne a kan layi ɗaya miƙaƙƙe. Da aka koma binciken fili gaba ɗaya, tsawo da faɗi da zurfi, sai aka buƙaci lambobi biyu da za su faɗi matsayin zare a cikin filin, kamar lambar kunya da lambar shuka a gona. Babu gurbin da aka ware musu, don haka kowane kamfani ya zaɓi nasa. Wasu suka sa su a bayit na 9 da na 21, wasu a wasu wuraren. Gyaran 2002 ya ce a sa su a na 189 da na 193, amma ya zo ne bayan an riga an cika rumbuna da fayiloli, kuma ko bayansa ba kowa ya bi ba. Mu da muke rubuta ƴ a Nijar, maƙwabtanmu a Nijeriya suna rubuta 'y, mun san cewa kafa ƙa'ida daban, bin ta daban.

Manhajojin da ƙofarsu take buɗe

Manyan manhajojin da kamfanonin mai suke aiki da su na saye ne, da lasin mai tsada, kuma ba a ganin cikinsu. Idan suka ƙi buɗe fayil, ko suka buɗe shi a karkace, mai aiki ba shi da hanyar ganin abin da suka ɗauka gurbi kaza yana nufi. Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka wallafa ainihin umarnin da aka rubuta ta da su, aka kuma ba kowa izinin karantawa da gyarawa da rabawa. Kada a fassara wannan da kyauta kawai. Ku da kuka yi Faransanci kun san bambancin gratuit da libre, kuma na biyun ake nufi. Rashin biyan kuɗi alheri ne, amma a wannan fanni ganin cikin manhajar ya fi shi amfani, tunda duk matsalolin da muka lissafa na fassara ne.

Dattijuwar cikinsu ita ce Seismic Unix, wadda ta taso a shekarun 1980 a makarantar ma'adinai ta Kolorado a Amurka, ta hannun Jack Cohen da Shuki Ronen, sannan John Stockwell ya riƙe ta shekaru da yawa. Tarin ƙananan umarni ce, ɗaruruwa, kowane da aikinsa guda, ana haɗa su kamar bututu. Umarnin segyread yana karanta fayil, ya ware kawunan nan biyu na farko gefe, ya juya lambobin IBM zuwa na kwamfutar da ake kai, ya miƙa zaruruwan ga umarni na gaba. Shi kuma segywrite yana mayar da su. Tsararraki na ɗalibai sun koyi sana'ar da ita, ko da yake ba ta da fuska mai jan hankali: baƙin allo ne da rubutu.

Madagascar, wadda Sergey Fomel na jami'ar Texas da abokan aikinsa suka fitar ga jama'a a 2006, ta zo da wata manufa ta daban, wato duk hoton da masani ya buga a takardar bincike wani ya iya sake fitar da shi daga bayanan asali. Tana da nata salon fayil, tana kuma shigo da SEG-Y tana fitar da shi. Sunanta kawai ya haɗa ta da tsibirin. ObsPy kuwa ta fito ne daga jami'ar Munik ta Jamus, an fara ta a 2008, da harshen kwamfuta na Python. Masu nazarin girgizar ƙasa ta Allah da annabi su ne asalin masu ita, kuma nasu fayilolin daban ne, irin su miniSEED da SAC, amma tana karanta SEG-Y, har da SEG-2 da ƙananan na'urorin binciken kusa da doron ƙasa suke rubutawa, irin waɗanda ake dubawa da su kafin gina madatsar ruwa.

Wadda ta fi dacewa da taken wannan takarda ita ce segyio. Kamfanin man Norwe ne ya rubuta ta ya sake ta, lokacin yana Statoil, kafin ya koma Equinor a 2018. An rubuta cikinta da harshen C saboda sauri, aka yi mata ƙofa ta Python saboda sauƙi. Ba ta tace bayanai, ba ta zana hoto. Karatu da rubutu kawai take yi, kuma a ganina wannan taƙaitawar ce ƙarfinta. Tana fassara EBCDIC, tana juya jerin bayit, tana sauya lambobin IBM. Tana zaton lambobin matsayin zare suna gurbi na 189 da na 193, amma idan ba nan suke ba, mai aiki yana faɗa mata inda za ta duba, ko ya ce ta manta da tsarin filin ta ba shi zaruruwan yadda suka zo. Ba ta kuma buƙatar ɗora fayil gaba ɗaya a ƙwaƙwalwar kwamfuta, tana iya zaro zare na dubu ɗari kai tsaye da irin lissafin da muka yi ɗazu. Lasin ɗinta, mai suna LGPL, ya yarda a sa ta cikin manhajar sayarwa, amma wanda ya gyara ita kanta ya raba wa mutane, dole ya bayyana gyaran.

Me zai sa kamfanin mai ya bayar da abin da ya biya ma'aikata suka rubuta? Ba sadaka ba ce. Karanta SEG-Y ba sirrin kasuwanci ba ne, ɗawainiya ce da kowane kamfani yake maimaitawa a ɗakinsa. Idan manhajar tana fili, duk wanda ya ci karo da baƙon fayil daga wata ƙasa ya kawo ƙara ko gyara, kamfanin ma ya amfana.

Abin da ya shafe mu

An yi ta binciken mai a yankin Agadem na gabashin Nijar tun shekarun 1970, kamfanoni irin su Texaco da Esso da Elf suka zo suka wuce, kafin CNPC na ƙasar Sin ya karɓi yankin a 2008. Matatar Damagaram ta fara aiki a 2011, bututun da ya kai gaɓar tekun Benin kuma ya fara fitar da mai a 2024. A Cadi man Doba ya fara bin bututu zuwa Kribi ta Kamaru a 2003. Kafin kowace rijiya daga cikin waɗannan an saurari ƙasa, an tara zaruruwa. Dokokin man fetur na ƙasashe da yawa sun wajabta wa kamfani ya miƙa wa hukuma kwafin abin da ya auno. Amma karɓar kwafi ba ya nufin iya karanta shi. Ma'aikatar da take ajiye da fayil, ba ta kuma da mai buɗe shi sai ta nemi kamfanin da ya kawo shi, tana cikin halin wanda aka ba wasiƙa ya koma wurin marubucinta ya karanta masa. A teburin ciniki kuwa wannan ba ƙaramin rauni ba ne.

Buɗaɗɗiyar manhaja ta sauƙaƙa wannan ɓangare sosai. Ɗalibin kimiyyar ƙasa a Yamai ko Injamena ko Garwa yana iya sauke segyio ko ObsPy a ƙaramar kwamfutarsa ba tare da izinin kowa ba. Bayanan gwaji ma akwai: Equinor ta saki bayanan filin Volve na Tekun Arewa ga masu koyo a 2018, akwai kuma na yankin F3 na ruwan Holan, wanda aka daɗe ana koyarwa da shi tare da buɗaɗɗiyar manhajar OpendTect.

Sai dai kada mu zuzuta. Tsoffin bayanai a kan tef ɗin maganaɗisu aka rubuta su, kuma tef yana lalacewa da zafi da daɗewa, na'urar da ke juya shi ma ta yi wuyar samu. Babu manhajar da za ta karanta abin da bai riga ya shiga kwamfuta ba. Yawancin bayanan kamfanoni kuma suna ƙarƙashin yarjejeniyar sirri, buɗewar manhaja ba ta buɗe su. Sannan akwai abin da manhaja ba za ta iya sani ba sai mutum ya rubuta. Lambobin da ke faɗin wurin da zare yake a doron ƙasa suna tafe da wata lamba a bayit na 71 da na 72: idan ta ce -100, sai a raba su da ɗari. Idan marubucin fayil ya bar gurbin ba daidai ba, ko bai faɗi tsarin taswirar da ya bi ba, layin binciken zai iya faɗawa nesa da inda aka yi shi, kuma mai haƙa rijiya zai bi taswirar ne.

Shi ya sa masu sana'ar suke nanata cewa wanda zai rubuta sabon fayil ya cika layukan nan 40 na farko da bayani na gaskiya: ina ya sa lambobin matsayi, wace hanyar lambobi ya bi, wane tsarin taswira, wace shekara, wane wuri. Gyaran 2002 ya yarda a rubuta su da ASCII a maimakon EBCDIC. Amma ASCII haruffa 128 kawai gare shi, kuma babu ɓ ko ɗ ko ƙ ko ƴ a cikinsu. Idan layin bincike ya ratsa wata ƙorama aka so a ambace ta a kan fayil, korama za a rubuta.